Gaba Uku na Igiya

A Tungar Wakili, wani ƙauyen masunta da ke bakin tafkin Kainji kusa da Wara, in ka tambayi gidan Mamuda sai a tsaya ana kallon juna, don masu sunan sun kai biyar. Amma ka ce Baba Dudu mai jarka, ko akuyar garin ta san hanya. Gida ne da ba ya ɓuya. Ga jarkoki ruwan ɗorawa rataye a danga, ga igiya a naɗe a kan rumbu, igiya a ƙofar ɗaki, igiya har a reshen mangwaro. Matarsa Umma ta sha faɗa cewa ita dai ba ta san ko miji ta aura ko rumfar mai igiya ba. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da kwance ƙulli da haƙori, don shekara arba'in ke nan bai taɓa yar da ko taƙi ɗaya na igiya ba.

Ba a nan aka haife shi ba. Garinsu na asali tsibiri ne a tsakiyar kogin Kwara, kuma yau in kana son ganinsa sai dai ka leƙa ƙarƙashin jirgi. Yana da shekara goma aka datse kogin, aka gina wa mutane gidaje a tudu aka ce su tashi. Suka kwashe abin da ke ɗaukuwa, ƙyaure da turmi da dutsen niƙa, har da jinkar ɗaki. Itatuwa ne kawai ba su ɗauku ba. Ruwan bai zo da hauka ba, a hankali ya riƙa hawa, yau ya ci turken awaki, jibi ya shiga madafa. Wata rana mahaifiyarsa ta sa ya tuƙa ta a kwale-kwale su dubo tsohon gida. Suka tarar bango ya narke, sai kiryar tsakar gida, wadda take daka a inuwarta, tana tsaye ruwa ya kai mata ƙugu. Inna ta dafa jikin icen ta ce, "Mu mun tashi, ke kin ƙiya." Daga ranar ba ta sake cewa a kai ta ba.

Itatuwan a tsaye suka mutu. Kuka da rimi suka ruɓe cikin 'yan shekaru, amma kirya da maɗaci da tsamiya ba su san wannan zancen ba. Rassansu suka zube, kututturen ya rage a ƙarƙashin ruwa da tauri kamar ƙarfe. Mamuda yana saurayi, yana dawowa daga su, ɗaya daga cikinsu ya farke masa cikin kwale-kwale. Da ya nutsa ya ga abin da ya yi masa wannan ɗanyen aiki, sai hannunsa ya taɓa wata ƙugiya a jikin icen. Nan take ya gane wurin. Tsamiyar mahauta ce ta tsohuwar kasuwa, inda ake rataye nama. Ya taso yana haki yana dariya kamar wanda ya gamu da ɗan garinsu a bariki. Washegari ya koma da ƙaton gora da igiya ya ɗaure a wurin don kada wani ya faɗa. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya naɗa shi, kuma ba wanda ya tuna ya ce ya bari. Da zamani ya juya, jarkar roba ta gaji gora.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. Tafkin yakan cika daga ƙarshen damina, ya tsaya a cike har sanyi ya wuce, sannan ya soma ja da baya. In yana cike, kututture na can ƙasa, jirgi ya wuce ta kansa lafiya lau. In ya janye sarai kuma kowa na ganin icen, har tsuntsaye na hutawa a kai. Tsakanin nan ne mugun lokaci, sa'ad da kan icen ya rage kamu ɗaya ya fito amma bai fito ba. Don haka kowane kututture yana da igiyarsa ɗaure a jiki, da jarka a ɗaya bakin. In ruwa na hawa Mamuda ya sassauta, in yana sauka ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya rage, ya naɗe rarar a hannun jarkar. Jarkar da igiyarta ta ɗame a tsaye take, daidai kan icen. Wadda igiyarta ta yi sako-sako kwanciya take yi, iska ta kai ta inda ta ga dama. Matuƙan jirgi kuwa ƙa'idarsu ɗaya ce, ka ba jarka gaba uku, wato awon buɗe hannu biyu sau uku, ta dama ko ta hagu, ka wuce abinka.

Talatin da ɗaya yake da su, kuma kowanne da sunansa, su Tsamiyar Mahauta, Maɗacin Liman, Tagwaye, da Kiryar Inna wadda ke kan hanyar jiragen kasuwar Wara. A kwata, inda jirage ke lodi, akwai maganar da ta zama kamar rantsuwa, wai jarkar Baba Dudu ba ta ƙarya. Shi ma, a faɗi gaskiya, yana jin daɗin maganar fiye da kima. In an faɗe ta a gabansa sai ya ce a'a, Allah ne mai tsarewa, amma hularsa kan ɗan ƙara karkata.

Jarkokin kuwa yawanci daga wurin Mariyamu mai manja suke fitowa. Taubashiyarsa ce, 'yar ƙanwar ubansa, wadda aka raina a wani ƙauyen tudu bayan Ngaski, aure ya kawo ta bakin ruwa. Shekara talatin tana shiga jirgi duk ran kasuwa, amma ba ta taɓa koyon iyo ba, kuma ba ta jin kunyar faɗi. Duk jarkar da ta tsufa sai ta wanke ta, ta ɗaura mata jan ƙyalle a hannu, ta zo ta wurga masa a ƙofar gida.

"Bawana, ga abincinka," haka take cewa. "Ka ɗaure da kyau, ka san ni dutse ce cikin ruwa."

Shi kuma ya ce, "Ke da wanga jiki naki? Ai ruwa sai shi matsa miki."

Shekarar da abin ya faru, ruwa ya yi saurin janyewa. Wata Talata da yamma Mamuda yana dawowa gida, ya rage igiya goma sha tara, kafaɗarsa na zogi, iska kuma na tura shi baya, sai ya hango jarkar Kiryar Inna a kwance. Ya gan ta sarai, ba zancen duhu ko rashin ido. Amma kiryar nan tana cikin gajerunsu, kullum tana cikin na ƙarshen tasowa, ba ta kusa da fitowa sai dutsen wanki na kwata ya nuna baƙin layin da ruwa ya bari a jikinsa. Kuma ice ne da ya yi rarrafe a gindinsa, yana ganin ya san shi kamar tafin hannunsa. Bai ko waiwayi dutsen ba da ya sauka, don a ganinsa ya riga ya san amsa. Ya ce gobe. Goben kuwa sunan jikarsa ne, ya wuni yana karɓar barka yana cin waina. Jibi kasuwa.

Jirgin da ya fara tashi ranar na Gideon ne. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, Bakambare, shekararsa goma sha biyu da riƙon inji, kuma mata sun fi son jirginsa don ba ya gudu, ba ya kuma lodin ganganci. Ya ɗauki mutum ashirin da wani abu, da buhunan albasa, da kwandunan busasshen kifi, da Mariyamu da jarkokin manjanta. Da hantsi Mamuda na zaune a kwata yana gyaran komarsa ta kamun kifi aka ji ƙara, sannan ihu.

Kafin ka ce kwabo kwale-kwale goma sun isa wurin. Mamuda shi kaɗai ya ciro mutum biyar, har da mai goyo. Mata biyu jarkokin manja suka rungume har aka kai gare su. Aka ƙirga mutane a gaɓa, aka sake ƙirgawa, ɗaya babu. Sai da azahar aka samo gawar Mariyamu.

Akwai abin da Mamuda ya gani a cikin wannan hargitsi wanda ba wanda ya lura da shi, don ruwan ya cika da jarkoki da albasa da takalma. Ya ga jirgin a maƙale kan kututture, ya kuma ga jarkarsa mai jan ƙyalle can gefe, wajen gabas, tana lilo abinta. Tsakaninsu gaba uku. Gideon ya ba jarka haƙƙinta daidai, kuma wannan daidai ɗin ne ya ɗora shi kan icen.

Bayan an dawo daga maƙabarta, da la'asar, ya tura kwale-kwalensa shi kaɗai. Wannan kam daidai ya yi, don gobe wani jirgin zai bi ta nan. Ya kamo jarkar, ya jawo igiya har ta ɗame. Abin da ya saba shi ne ya naɗe rarar a hannun jarka. Amma da ya dubi rarar nan, kore shar da gansakuka, sai ya ga cewa duk masuncin da ya gan ta a naɗe zai san yau ta fito daga ruwa. Bai yi shawara da zuciyarsa ba, hannunsa ne ya je ga wuƙa. Ya yanke ta, ya ƙulle bakin. Da ya jefa guntun a tafki da magana ta ƙare, amma mutumin da bai taɓa yar da igiya ba, hannu ya ƙi sakin ta. Ya dunƙule ta ya cusa a aljihun riga.

Washegari Almustapha, sarkin jirgi na kwatar, ya ɗauki dattawa biyu suka je duba wuri. Suka tarar da jarka tsaye ƙyam a kan kututture. Suka dawo suna girgiza kai. To, me ya rage? Jarka ba ta ƙarya, sai dai matuƙi. Aka ƙwace makullin inji daga hannun Gideon, aka ce a jira sadakar bakwai ta wuce sannan a zauna. Kowa ya san abin da zaman zai haifa. Za a hana shi tuƙi a gaɓar nan har abada, a kuma miƙa shi ga hukuma a kan ganganci da ran mutane.

Bakin mutane kuwa ba ya jiran zama. Aka ce barci yake yi. Aka ce waya yake latsawa. Kwana uku sai ga wadda ta fi muni, wai an ji warin burkutu a bakinsa. Gideon da ko a biki ba ya sha, wanda shi ke jan waƙa a majami'arsu! Amma ƙarya ce mai sauƙin shiga kunne, don ta dace da abin da wasu ke son ji. Matarsa Ruth ta daina zuwa rijiyar tsakiyar gari. Mutanen unguwar majami'a da na unguwar masallaci, waɗanda kakanninsu jirgi ɗaya ya kwaso daga tsibiri, suka soma gaisuwa a taƙaice. Shi kuwa Mamuda, duk inda ya gifta sai yabo. Jarumi, mai mutum biyar, tsoho mai ran ƙarfe. Kowane yabo sai ya ji kamar an ƙara masa dutse a ƙirji.

Rana ta biyar, da safe, Gideon ya yi sallama a ƙofarsa. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya durƙusa ya yi gaisuwar rashi, don ya san Mariyamu 'yar'uwar mai gidan ce. Mamuda ya jira zargi, har ya ji yana marmarinsa. Ba zargi ya kawo shi ba.

"Baba," in ji Gideon, "tambaya nika so in yi. Kai ka san ruwa ka san ido. Mutum na iya ganin abu nesa alhali kusa yake? Na rantse na ba ta gaba ukku. Amma kowa ya ce ba haka na ba, kuma jarkarka ba ta ƙarya. Na hwara tunanin ko idona na ya lalace. In haka na, gara su hana ni, kada in kashe wani."

Mamuda ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ka yi haƙuri, ɗana. Allah shi bayyana gaskiya."

"Amin, Baba," in ji Gideon, ya tashi ya tafi yana murza ido da bayan hannu.

Ba a taɓa yin addu'ar da ta ba mai yin ta kunya kamar wannan ba. Mamuda ya zauna a wurin har rana ta cim masa bai matsa ba.

A ranar ne Umma ta ɗauki rigarsa za ta wanke, ta ji nauyi a aljihu. Matar da ta yi shekara arba'in tana tuntuɓe da igiya ba sai an karanta mata ba. Ta ga gansakuka, ta ga sabon yanka, ta auna da hannunta, gaba uku. Ta same shi a gindin mangwaro ta ajiye masa a gaba.

"Malam, wagga ba ta ɗaurin akuya ba ta."

Ya gaya mata duka, tun daga Talata. Umma ba waliyiya ba ce, tsoro ne ya fara zo mata. Ta ce ya tuna da 'ya'yansa da ke aure a garin nan. Ta ce Emmanuel mai gyaran inji ya ce ko an kori Gideon zai samu aiki a Yauri, yaro ne, yana da sauran ƙarfi. Ta ce wadda ta mutu ta mutu, magana ba ta tashe ta. "In ka hwaɗi, ina za mu sa kanmu? Ɗiyan Mariyamu ɗiyanka na!" Ta yi kuka, ta shiga ɗaki ta bar shi da igiyarsa. Bai ce zai faɗa ba, bai ce ba zai faɗa ba. Amma ran zaman, da ya dawo daga masallaci, ya tarar ta fito masa da farar rigarsa ta Juma'a ta shimfiɗa a kan gado. Ba ta dube shi ba, tana ta hura wutar da ta riga ta kama.

A ƙarƙashin durumin kwata aka zauna. Almustapha a kan benci da dattawa, liman da fasto a gefe, matuƙa da masunta a ƙasa, mata a baya. 'Ya'yan Mariyamu suna nan, babban ɗanta Jalaluddeen da 'yarta Zulai'atu. Gideon na tsugune a tsakiya, kansa a ƙasa. Aka ba Mamuda tabarma a gaba, wurin girma. Dattawan da suka je duba wuri suka faɗi abin da suka gani. Aka tambayi Gideon, ya ce shi dai a ganinsa ya ba da gaba uku, amma watakila idonsa ne. Aka yi guna-guni. Almustapha ya gyara murya zai yanke magana.

Mutanen gaɓar nan ba sa ɗaukar faɗawa ruwa wani abin a zo a gani, don yaransu kan iya iyo kafin su iya tsarki. Ranar haɗarin Mamuda bai ji tsoro ba ko kaɗan, jikinsa ne ya yi aikin da ya saba. Yau kuwa, tsakanin tabarma da tsayuwa, sai da tsoro ya kama shi. Zuciyarsa na ce masa ya bari a gama, ya sami Almustapha a keɓe, gobe. Da ya ji kalmar nan ta gobe ta sake zuwa, sai ya dafa ƙasa ya miƙe.

"Sarki, a dakata."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da igiyar. Ya warware ta a ƙasa, a miƙe, tsakaninsa da Gideon. Ta bushe, gansakukar ta koma toka-toka, amma ba masuncin da bai gane ta ba.

"Wagga igiya ta Kiryar Inna ta. Ran Talata nig ga jarka kwance, nic ce gobe. Ran kasuwa jarkata ba ta bisa icce, tana gaba ukku gabas da shi. Yaron ga ya bi ƙa'ida, ƙa'idar tawa ta ta kai shi. Da munka dawo jana'iza nit tahi nir rage igiya, kuma ban naɗe ba, yankewa niy yi don kada a gane. Abin da kunka gani da sahe, ni nig gyara shi. Bai sha komi ba, bai yi barci ba, idonai lahiya lau. Ya zo gidana ya tambaye ni, nir ruhe mai. Mariyamu ta ce in ɗaure da kyau, ban ɗaure ba."

Jalaluddeen ne ya fara motsi. Ya zabura, aka riƙe shi, yana cewa, "Kawu! Kai kaz zauna kana karɓar gaisuwa tare da mu!" Zulai'atu ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita. Gideon ya ɗago kai yana kallon igiyar, ba ya kallon mai ita. Almustapha ya daɗe yana juya carbi, sannan ya laluba aljihu ya fito da makullin inji ya miƙa wa Gideon da hannu biyu. Ya ce duk wanda ya yi zancen burkutu ya san hanyar gidan da zai je ya ba da haƙuri. Mamuda kuwa bai yanke masa hukunci ba, don ba za ka tuɓe mutum daga sarautar da ba wanda ya ba shi ba.

Ba a yi masa tafi ba, kada wani ya zata. Hukuma ta zo ta yi tambayoyinta ta rubuta ta tafi. Garin ne ya yi nasa hukuncin, a hankali, irin na ƙauye. Aka daina cewa jarumi. Aka daina maganar jarka ba ta ƙarya, har wani mai baƙin baki ya ce ashe jarkar ba ta yi, mai ita ke yi. Jalaluddeen ya daina gaishe shi. Gideon ma bai zo ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa, don kwana takwas aka bar shi yana zargin idonsa. Mamuda ya jingine filafilinsa na tuƙi a bayan rumbu. Mako uku bai taka kwata ba. Ruwa kuwa bai san ana fushi ba, ya ci gaba da sauka, jarkoki talatin suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, matuƙa suka koma tafiya kamar masu tsallake ƙaya.

Wata safiya yana zaune a gindin mangwaro sai ya ji an wurgo abu a ƙofar gida. Ya san ƙarar nan. Jarkoki huɗu ne, wankakku, kowace da jan ƙyalle a hannu. Zulai'atu na tsaye a bayansu.

"Kawu, ina kwana."

Ya amsa.

"Ba yahewa ta kawo ni ba," ta ce. "Wannan sai ran da Allah ya sanyaya min, ban san rana ba. Amma sana'ar Inna ta dawo hannuna, kuma ran kasuwa za ni shiga jirgi da goyo. Ni ma ban iya ruwa ba. Ga su nan, ita ta wanke su da hannunta, kai ta aje ma." Ta juya, sannan ta tsaya. "Akwai mai jiranka kwata. Ya ce kahwaɗarka ba ta kai talatin."

Gideon ne, zaune a kwale-kwalen Mamuda, filafili a hannu. Suka gaisa gaisuwar da ba ta da tsawo. Gideon ya tuƙa, Mamuda ya rage igiya, kuma kowace ya ɗaure sai ya ce wa Gideon ya ja da hannunsa ya ji. Tun daga ranar haka ake yi, ba ya ɗaure jarka sai da ido na biyu. Suka bi Tsamiyar Mahauta, suka bi Tagwaye, ba mai magana sai ta aiki. Kiryar Inna suka bari ƙarshe.

Ta riga ta fito yanzu, baƙin kai kamu biyu a saman ruwa, da sabon tabo fari inda jirgi ya daka. Mamuda ya cire tsohuwar jarkar ya ɗaura ɗaya daga cikin na Mariyamu. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da guntuwar igiyar nan. Ya ƙulla baki ɗaya a kan icen, ya riƙe ɗaya, ya ce wa Gideon ya tura gabas. Kwale-kwalen ya matsa har igiya ta miƙe.

"Nan jarka take ran nan," in ji Mamuda.

Gideon ya ajiye filafili. Ya dubi kwata a baya, ya dubi tudun Wara a gaba, ya dubi icen, ya miƙa hannu yana auna hanyar a iska, kamar yadda ya yi ta aunawa a ransa tun ranar. Ya daɗe yana kallo.

"Ke nan daidai nib bi, Baba."

"Daidai kab bi, ɗana."

Gideon ya sunkuya ya ɗebi ruwan tafki da hannu biyu ya wanke fuska, ya sake ɗiba ya sake wankewa, ya ƙi ɗagowa. Mamuda ya riƙe igiyar da kyau don kada iska ta kwashe su, ya jira shi har ya gama.